Tsokar da ke fitowa baki ta koma ciki: me ke damun Baba, kuma yaya ake cire ta?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina rubutowa ne daga wani ƙauye a yankin Ringim. Mahaifina manomi ne, shekarunsa 61. Kusan shekara biyu ke nan tuwo na tsaya masa a wuya sai ya kora da ruwa, ga shi ya rame. Sau biyu yanzu, idan amai ya taso masa, wata doguwar tsoka takan fito har bakinsa, numfashinsa ya sarƙe, sannan ya haɗiye ta ta koma. Mun kai shi birni an zura masa kyamara ta baki, aka ce ba a ga komai ba, aka ba shi maganin olsa. A gida wasu sun ce beli ne a kira wanzami, wasu sun ce jifa ne. Mene ne wannan, kuma yana da magani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Kafin komai, Malam, kada wanzami ya kusanci wuyan nan da aska, kada kuma wani ya ɗaure tsokar da zare ko ya fizge ta in ta sake fitowa. Beli ɗan guntun nama ne da ke reto a ƙarshen ganda, kowa na da shi, kuma ba ya yin tsawon da zai fito baki ya koma ciki. Abin da ka kwatanta ya fi kama da wani tsiro na bututun abinci da likitoci ke kira folif ɗin faiburobaskula. Sai an yi hoto za a tabbatar, amma tsokar da ke fitowa a kuma haɗiye ta alama ce da da wuya wata cuta ta yi ta in ba shi ba. Cikinsa akwai jijiyoyin jini, wani lokaci masu kauri, gindinsa kuma yana can ƙasa da inda ido ko yatsa ke kaiwa. Idan aka yanke shi daga baki, ragowar za ta zame ta koma ciki tana zubar da jini a wurin da ba mai iya dannewa, jinin kuma ya gangara huhu.

Bututun abinci na babban mutum tsawonsa kusan santimita 25 ne. Yana farawa a wuya, daidai bayan maƙogwaro, wajen santimita 15 daga haƙoran gaba, ya ratsa ƙirji ta bayan zuciya, ya shiga tumbi a wajen santimita 40. A bakinsa na sama akwai wata tsoka zagayayya da ke tsuke shi, ba ta buɗewa sai an zo haɗiya. Can ƙasa da ita kaɗan, fatar cikin bututun sako-sako take, ba ta manne da naman bayanta sosai ba. A nan tsiron ke somawa, ɗan ƙullutu na kitse da zaren nama da jijiyoyin jini. Duk lomar da ta wuce sai ta ja shi ƙasa kaɗan, shekara da shekaru, har ya miƙe ya zama kamar zungurun da ke reto a jikin yaɗo, siririn wuya a sama, dogon jiki a ƙasa. Da yawansu sai sun kai santimita 10 zuwa 15 ake gano su, akwai kuma waɗanda suka haura 20 har kansu ya leƙa cikin tumbi. In ya kai nan, ruwan tsamin tumbi yakan cinye fatar kansa ta yi gyambo, jini ya riƙa tsattsafowa a ɓoye, mutum ya ɗashe, bayan gidansa ya yi baƙi. An fi ganinsa a maza masu shekara 50 zuwa 70, kuma ba kasafai ake samunsa ba, likita na iya gama aikinsa har ritaya bai ci karo da ko ɗaya ba.

Babban haɗarinsa shi ne shaƙewa. Ƙofar iska da ƙofar abinci maƙwabtan juna ne a wuya. In amai ko tari mai ƙarfi ya turo tsiron sama, zai iya faɗawa kan ƙofar iskar ya toshe ta, kuma an sha rubuta mutanen da suka rasu nan take ta wannan hanya. Baba ya tsallake sau biyu, saboda haka ba maganar jiran a gama girbi ko a sayar da amfani. A cikin makon nan ya kamata ya ga likitan tiyata. Idan tsokar ta sake fitowa kafin ku kai, a zaunar da shi ya sunkuyo gaba, kai ƙasa, kada a kwantar da shi rigingine, kada a ɗura masa ruwa. In ta tokare numfashin kuma ana ganinta a baki, a kama ta da tsumma mai tsabta a janyo ta gaba a hankali daidai yadda iska za ta samu hanya, a riƙe ta haka a nufi asibiti mafi kusa.

To me ya sa kyamara ba ta gan shi ba? Wannan ba abin mamaki ba ne, kuma ba lallai sakaci ba ne. Fatar da ta lulluɓe tsiron iri ɗaya ce sak da ta bangon bututun, launi ɗaya, santsi ɗaya. Bututun kyamarar kaurinsa bai wuce santimita ɗaya ba, sai ya sulale ta gefen tsiron, mai dubawa ya ɗauka bango yake gani hagu da dama. Gindin kuma yana can sama, a wurin da ake saurin wucewa saboda nan majinyaci ya fi yunƙurin amai. Rubuce-rubucen likitoci na ambaton cewa kusan ɗaya cikin huɗu na irin wannan tsiro yakan kuɓuce wa duban farko. Ko an gutsuro nama daga samansa an kai ɗakin gwaji, sakamakon yakan dawo da cewa lafiyayyar fata ce, don ainihin abin yana ƙarƙashinta. Shi ya sa in za a sake duban, dole a faɗa wa likitan ƙarara: tsoka tana fitowa baki tana komawa. Mutane da yawa sukan ɓoye wannan don gudun kada a ce sun ruɗe, alhali ita ce maganar da za ta sa ya hura iska sosai, ya janyo kyamarar sannu a hankali, ya tsaya ya leƙa tsakanin santimita 15 zuwa 20 neman gindin. In kuna da waya mai ɗaukar hoto kuma abin ya sake faruwa, wani ya ɗauka yayin da sauran ke taimakon Baba.

Gwajin da ya fi dacewa a fara da shi yanzu shi ne hoton bariyom. Ana ba mutum wani farin ruwa mai kauri ya sha a tsaye ana ɗaukar hoton wuya da ƙirji, ta gaba da ta gefe. Ruwan zai bi ta gefen tsiron ya zana siffarsa, a ga dogon abu mai santsi ya cika bututun, bututun kuma ya buɗe ya yi faɗi. Kuskuren da akan yi a nan shi ne a ga faɗin a ce akaleshiya ce, wato cutar da ƙofar ƙasa ta bututun ke ƙin buɗewa, a kuma ɗauki tsiron a matsayin abincin da ya taru. Abin da ke raba gardama shi ne hoton CT, wato hoton na'ura da ke nuna cikin jiki yanki-yanki, na wuya da ƙirji tare da allurar da ke haska jijiyoyi. Kitse na fitowa da duhunsa na daban a CT, don haka za a ga tsiron, a auna tsawonsa da kaurinsa, a ga ɓangaren da gindin yake da girman jijiyar da ke ciyar da shi. Kafin allurar za a gwada ƙoda. Hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, shi ma na yin wannan aikin. Akwai kuma kyamara mai ɗauke da na'urar sikanin a bakinta, wadda ta fi kowanne nuna jijiyoyin gindi, sai dai ba ko'ina ake samunta ba, kuma rashinta ba ya hana aiki.

Irin wannan bincike da tiyatar da za ta biyo baya aikin manyan asibitocin ƙwararru ne. Ku karɓi takardar turawa daga babban asibitin yankinku zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ku fara da Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu su tura ku inda ya dace. Ku tafi da takardar sakamakon kyamarar farko da kwalayen duk magungunan da yake sha.

Dole a faɗi wata gaskiya a nan. A dattijo mai shekara 61 da haɗiya ke yi wa wuya yana ramewa, abin da likita zai fara kawarwa shi ne ciwon daji na bututun abinci, domin ya fi tsiro mara illa yawa nesa ba kusa ba. Amma shi ciwon daji yakan yi sauri: cikin watanni a tashi daga kasa haɗiye nama zuwa tuwo, zuwa koko, har ruwa. Shekara biyu ana fama, ga kyamara ba ta ga gyambo ko ƙunci ba, wannan ya fi karkata ga tsiro. Sauran abubuwan da ke hana haɗiya, irin su ƙuncin da shan sodar sabulu ke bari, maƙoƙon da ya danno ciki, ko farin fumfuna a masu ciwon suga da masu raunin garkuwar jiki, ba ɗayansu da ke fito da tsoka baki.

Akwai wasu tsirrai marasa illa a bututun, waɗanda galibi a kan hanyar neman wani abu ake tsintarsu. Fafiloma ɗan ƙaramin tsiro ne fari-fari, yawanci bai kai santimita ɗaya ba, ana tsinke shi da ɗan hantsakin kyamara a zama ɗaya a wuce wurin. Wani kumburin kan fito daidai mahaɗar bututun da tumbi saboda ruwan tsami da ke tasowa, wannan omefrazol, maganin rage ruwan tsami, na mako 8 yakan lafar da shi, sannan a sake leƙawa. Akwai mai launin ɗorawa-ɗorawa, mai tauri, da ke fitowa daga ƙwayoyin da ke lulluɓe jijiyar laka, in ya wuce santimita ɗaya ko yana girma akan cire shi. Wanda ya fi duka yawa shi ne leyomayoma, ƙullutun tsoka da ke cikin bangon bututun kansa. Ƙarami da ba ya damun mutum akan bar shi ana bibiya, in ya kai wajen santimita 5 ko yana hana haɗiya sai a ɓare shi daga cikin bangon ba tare da an huda fatar cikin bututun ba, shi ya sa likitocin tiyata ba sa son a riƙa gutsurar samansa, tabon kan sa fatar ta manne ta yage lokacin aiki. Sai wani abu da ya shafe mu a nan musamman. A wuraren noman rani irin su Kadawa, Kura da fadamar Haɗeja, tsargiyar hanji na taurara hanta, ga ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a Arewa. Dukansu kan kumbura jijiyoyin jini na ƙasan bututun abinci, kuma jijiya ɗaya da ta kumbura takan yi kama da tsiro. In aka gutsure ta, jini ne zai ɓalle. Don haka duk wanda za a yi wa kyamara ya faɗa in ya taɓa aman jini, shawara, kumburin ciki ko saifa.

Maganin folif irin wanda ake zargi a jikin Baba ɗaya ne: a cire shi daga gindi. Ba ƙwaya, allura ko jiƙo da ke narkar da shi. Maganin olsar da aka ba shi ba zai cutar ba, zai ma rage cin da tsami ke yi wa kan tsiron, amma iyakarsa ke nan.

Hanyar cirewa ta danganta da girman tsiron da kaurin gindinsa. Wanda bai wuce santimita 2 ba, mai siririn gindi, da kyamara ake gamawa da shi: a zarga masa wata 'yar waya a gindi, a tsuke, a saki wutar lantarki ta yanke tana ƙona bakin jijiya. In gindin ya ɗan yi kauri, sai a fara matse shi da ɗan maƙalin ƙarfe ko zaren roba kafin a yanke. A manyan cibiyoyi ana cire waɗanda suka fi haka girma da kyamara, amma ƙa'idar da aka saba ita ce wanda ya haura santimita 8, ko mai babbar jijiya a gindi, a buɗe wuya. Tsiron da ya yi tsawon fitowa baki kusan kullum a wannan rukuni yake.

Ga yadda aikin yake. Mataki mafi hatsari shi ne sa barci, domin da zarar tsokokin wuya sun saki, tsiron na iya zamowa ya toshe iska. Shi ya sa likitan barci yakan sa bututun numfashi da matuƙar kula, wani lokaci majinyaci na farke an fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, da kayan huda maƙogwaro a ajiye kusa ko da ta-kwana. Bayan nan sai a tsaga gefen wuya, yawanci hagu, saboda bututun ya ɗan karkata hagu a wuya, sai dai in hoto ya nuna wani ɓangaren ya fi. A ture manyan jijiyoyin jini gefe, a nemo jijiyar murya a kare ta, a tsaga bututun a tsaye ta gefen da ke fuskantar gindin don a gan shi sosai. Sai a zaro tsiron, a ɗaure gindin da zare, a yanke shi daidai bango, a ɗinke fatar wurin, a rufe bututun hawa biyu, a bar 'yar robar tsane ruwa a wuya. Idan kan tsiron ya yi girman da ba zai fito ta wuya ba, a yanke gindin ta sama, a tura shi tumbi, a ciro shi ta ƙaramar tsaga a ciki. Buɗe ƙirji sai in ba makawa, don ya fi wahalar warkewa.

Abubuwan da kan lalace sanannu ne. In jijiyar murya ta bugu ko ta miƙe, murya kan dishe mutum ya riƙa ƙwarewa da ruwa, yawanci yakan dawo cikin makonni ko watanni. In ɗinkin ya yi yoyo, za a ga zazzaɓi, wuya ya kumbura ya yi ja, miyau na fitowa ta ciwon, galibi a makon farko. Yoyon wuya yakan rufe da kansa in an buɗe masa hanya, an hana ci ta baki, an ba da maganin ƙwayoyin cuta. Na ƙirji shi ne mugu. Wani abin da kan iya jawo yoyo a wurinmu, ban da rama da ƙarancin jini, shi ne tausayin 'yan'uwa: a faki idon nas a ba majinyaci ruwan zamzam, rubutu ko ɗan koko tun ɗinki bai kama ba. Bayan aikin akan hana ci da sha ta baki na kwana 5 zuwa 7, ana ciyar da shi ta robar hanci, sannan a yi hoto da ruwa mai haske a tabbatar ba yoyo. Daga nan ruwa, sai tataccen koko, sai abinci mai laushi, tuwo da nama kuwa sai bayan mako 3 zuwa 4 ko yadda likitansa ya tsara. Addu'a a yi ta tofawa, amma kome kada ya wuce maƙoshi sai an ba da izini. In haɗiya ta sake tsukewa bayan watanni, tabo ne ya ƙuntata wurin, ana buɗa shi da kyamara.

Kafin ranar aiki, a gina jikinsa. A ba shi abinci mai ruwa-ruwa amma mai amfani, kaɗan-kaɗan sau 6 ko fiye a yini: kunun gyaɗa da madara, fura da nono da aka dama sosai aka tace, ƙwai a kaɗa cikin koko mai zafi ya nuna, alala mai laushi, romon da aka tsame ƙashi. A ajiye tsire, kilishi, ƙanzo, rogo da kifi mai ƙaya. Ya ci a zaune, kada ya kwanta sai bayan awa 3, a ɗaga kan gadonsa da bulo kamar santimita 15 zuwa 20, kuma kada ya kwana shi kaɗai a ɗaki ko ya tafi gona shi kaɗai. Duk wani jiƙon da ake sha don a yi amai a fitar da "dattin ciki" ko "sammu" a daina shi yau, amai shi ne ke turo tsiron kan ƙofar iska. A bar asfirin, dikulofenak, ibufurofen da haɗe-haɗen maganin gajiya na kemis, suna ƙara zubar jini, in kuma likita ne ya ɗora shi kan asfirin saboda zuciya, a sanar da masu tiyatar su yanke hukunci. Za a auna yawan jininsa da rukuninsa, suga, hawan jini da zuciya. Ku tanadi 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya da za su ba da jini tun kafin a nema. Batun kuɗi, ku tambayi ofishin walwalar majinyata na asibitin, ku kuma bincika ko yana da rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, JICHMA a Jigawa, KSCHMA a Kano.

Sai abin da aka fi yin sakaci da shi bayan an ga majinyaci ya miƙe: gwajin naman da aka cire. A kai shi ɗakin gwaji ɗungurungum a cikin ruwan fomalin da ke hana nama ruɓewa, ba a ba ku shi a leda ku binne ba, ku kuma koma ku karɓi sakamakon. A da ana ɗaukar duk irin wannan tsiro a matsayin mara illa. A 2018 masana a asibitin Mayo da ke Amurka suka sake nazarin manyan tsirrai 13 na bututun abinci masu kitse, suka samu dukansu na ɗauke da ninkuwar wata ƙwayar gado mai suna MDM2, wadda alama ce ta laifosakoma, wato ciwon dajin kitse. Irin wanda aka fi samu a bututun abinci mai sanyin tafiya ne, da wuya ya bazu zuwa wasu sassan jiki, amma yana sake tsirowa in an bar ko ɗan guntun gindi, wani lokaci bayan shekaru. Don haka ku tambayi likitan abu biyu: shin bakin yankan ya fita tsaf, kuma ko akwai halin a aika naman a yi gwajin MDM2. Ko ba a samu yin gwajin ba, a ɗauki Baba a matsayin wanda ke buƙatar bibiya, a sake kyamara ko hoto a lokutan da likitan ya sa, a ci gaba da hakan shekaru da dama ko da yana cin tuwonsa lafiya. Duk ranar da loma ta sake tsayawa, ko murya ta sauya, ko bayan gida ya yi baƙi, a koma ba sai ranar da aka rubuta a kati ta zo ba.